Na'urar shaƙa wa ɓeraye tururin tabar wiwi: ra'ayin wanda yake aiki da ita

Duk malamin da ya tambaye ni ko ya saya wa sashensa wannan na'ura, kafin in ba shi amsa sai na fara tambayarsa: kuna da inda za ku auna THC, wato sinadarin da ke bugarwa a cikin wiwi, a jinin dabba? Idan akwai, to a saya, kuɗin ba za su tafi a banza ba. Idan babu, a dakata tukuna. Na'urar za ta cika akwati da tururi, ta jera lambobi masu kyau a fuskar kwamfuta, amma ba za ta taɓa gaya muku nawa ne ya shiga jikin ɓera ba.

Ina aiki ne a ɗakin binciken ƙwaƙwalwa da magunguna na wata jami'a a Kanada, kula da dabbobi da na'urori kuma shi ne rabona a aikin. Ni nake cika tankuna, ni nake saka ɓeraye in fitar da su, ni nake wanke akwatuna da yamma. Abokan karatuna da ke koyarwa a sassan harhaɗa magunguna a gida Najeriya sun sha tambayata game da ita, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta. Sunan kamfanin da ya sayar mana na bar shi a gefe da gangan. Akwai ƙorafin da zan yi a kansu, kuma na'urorin wannan aji ƙirarsu kusan ɗaya ce, don haka yawancin abin da zan faɗa zai hau kan kowace aka saya.

Abin da ya iso mana akwatuna huɗu ne na roba garai-garai da ake ganin ciki, kowanne girman kejin ɓera, da murfi mai zoben roba a baki da maƙallan da ake danne shi da su. A bayan kowane akwati akwai ƙaramin tanki irin na sigarin lantarki, da kwayil a cikinsa mai ɗaukar zafi idan wuta ta shiga. Injin zuƙo iska yana jan iska ta ratsa akwatin ba tsayawa, ta fita ta cikin filtar gawayi zuwa bututun da ke kai iskar ɗaki waje. A kwamfuta ake tsara komai: daƙiƙa nawa kwayil zai yi yana aiki, minti nawa tsakanin busawa da busawa, ƙarfin wuta nawa. Idan lokaci ya yi sai ka ji ɗan ƙas, farin tururi ya turnuƙe akwatin har ɓeran ya kusa ɓacewa, sannan a hankali ya washe. A bango ɗaya akwai ramuka biyu daidai hancin ɓera, da 'yar fitila a samansu.

Wanda bai san fagen ba zai ce ina amfanin duk wannan wahala, ba allura ta isa ba? Da allurar aka daɗe ana yi. Tun 1964 da Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware THC a cibiyar Weizmann ta Isra'ila, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a narka shi a wani ruwa a tsira wa ɓera a ciki. An san nauyin dabba, an san miligiram nawa aka ba ta, lissafi ya fita tsaf. Ilimi mai yawa ya fito daga wancan zamani, har da gano mazaunin da sinadarin yake kamawa, wanda Allyn Howlett da William Devane suka samu a ƙwaƙwalwar ɓera a 1988, shi ne ake kira CB1 yanzu.

Matsalar ita ce mutum ba allura yake yi ba, zuƙa yake yi. Abin da ya shiga huhu kai tsaye yake faɗawa jini ya wuce ƙwaƙwalwa. A jikin mai shan wiwi THC yakan kai ƙololuwa a jini cikin kamar mintuna goma na farko, sannan ya sauko da sauri. Abin da aka tsira wa ɓera a ciki kuwa sai ya fara bi ta hanta, hanta kuma tana juya wani kaso nasa zuwa 11-OH-THC, wanda shi ma yana bugarwa, ƙarfinsa bai gaza na asalin ba. Wato mai allura abin da yake nazari ya fi kusa da cin wiwi a abinci fiye da shan ta. A 2021 ɗakin binciken Matthew Hill na jami'ar Calgary ya wallafa aikin da ya gwada hanyoyin biyu a jikin ɓeraye. THC ya kai kusan mataki ɗaya a jinin rukunin biyu, amma waɗanda aka yi wa allura sun tara 11-OH-THC fiye da waɗanda suka shaƙa nesa ba kusa ba, matan kuma sun fi mazan tarawa. Wanda ya karanta wannan aiki ya fahimce shi ba zai ƙara tambayar amfanin akwatin tururi ba.

To, tana yin aikin? Tana yi. Akwai alamomi huɗu da aka saba dubawa don a san sinadarin wiwi ya kama ɓera, tsarin da Billy Martin da abokan aikinsa suka daidaita a jami'ar Virginia Commonwealth a ƙarshen shekarun 1980: zafin jiki ya sauka, zirga-zirga ta ragu, jin raɗaɗi ya ragu, jiki ya sanƙare. Idan na buɗe murfi bayan rabin awa, ɓeran da ya shiga yana shinshine-shinshine yana miƙewa a kan ƙafafun baya sai in tarar ya lafe a kusurwa, ciki a ƙasa, ido a rabin buɗe, gashinsa ya ɗan yi danshi. In na ɗauke shi jikinsa a sake yake, wani ma yakan yi ɗan ƙara da an taɓa shi. Sai in naɗe shi a tawul in bar jelar a waje, in tsoma ƙarshenta a ruwa mai zafin digiri 52, agogo a ɗaya hannun. Ɓeran da iska kawai ya shaƙa cikin 'yan daƙiƙu yake fizge jela. Wanda ya shaƙi THC sai ya jinkirta. Akwai iyakar da ba ma ƙetarewa, ko bai fizge ba mu muke cire masa, don kada fata ta ƙone. Ma'aunin zafi ma yana nuna jikin ya yi sanyi, kuma sanyin yakan ɗauki sa'o'i kafin ya koma daidai.

Abin da muke gani ya yi daidai da abin da ɗakin binciken Michael Taffe ya wallafa a 2016, lokacin yana cibiyar Scripps a Kalifoniya. Su ne suka nuna a fili cewa fasahar sigarin lantarki tana iya kai THC jikin ɓera: sun narka shi a ruwan propylene glycol, zafin jiki ya sauka gwargwadon ƙarfin ruwan da tsawon zaman, jela ta jinkirta, kuma da aka fara ba dabbar maganin da ke toshe CB1 sai tasirin ya ragu. Wannan gwaji na ƙarshe shi nake ba kowa shawara ya yi a makon farko da na'urar ta iso. Maganin da aka fi amfani da shi, rimonabant, an taɓa sayar da shi a Turai don rage ƙiba daga 2006, aka dakatar da shi a 2008 saboda yana jefa mutane cikin ciwon damuwa, amma a ɗakin bincike har yau yana da amfani. Idan ka ba ɓera shi, ka sa shi a akwati, ya fito da sanyin jiki kamar ba ka ba shi komai ba, to ba THC ne yake maka aikin ba, ka nemi wani dalili.

Sanƙarewa kam, wadda ake gwadawa ta ɗora ƙafafun gaban ɓera a kan ɗan sanda a ga tsawon lokacin da zai zauna haka, ba ta cika fitowa sosai da tururi a hannunmu ba. Ban ɗauki wannan aibin na'ura ba. Allura mai nauyi ce take sandarar da ɓera, matakin da jinin mai shan wiwi ba ya cika kaiwa. CBD ma, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, na'urar tana ɗaukarsa, shi kaɗai ko a gauraye da THC, sai dai idan ruwan ya yi kauri ɗakin kuma ya yi sanyi yakan daskare a tanki, dole a ɗan ɗumama shi kafin a fara.

Ramukan hancin nan biyu su ne suka sa nake cewa kuɗin ba su tafi a banza ba. Shekara da shekaru ɓera ya ƙi ba masu binciken jarabar shaye-shaye haɗin kai a kan wiwi. Idan aka sa masa siririn tiyo a jijiya aka ba shi madanni, zai danna wa kansa hodar ibilis, zai danna wa kansa heroin, amma THC sai ya yi biris da shi. Da allura mai nauyi ma gudun wurin da aka yi masa ita yake yi. Wannan ya daɗe yana damun masana, domin kowa yana ganin mutanen da wiwi ta riƙe, dabbar gwaji kuma ta ƙi nuna haka. A 2000 Gianluigi Tanda da Steven Goldberg, a cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka da ke Baltimore, suka nuna wasu ƙananan birai 'yan asalin Kudancin Amurka suna danna wa kansu THC. Birai kuwa ba kowane ɗakin bincike ke iya riƙe su ba. Sai a 2020 ɗakin binciken Ryan McLaughlin na jami'ar jihar Washington da ke Pullman ya nuna cewa idan tururi ne, ɓera zai nema da kansa. Ya cusa hanci a rami ɗaya, fitila ta kama, tururi ya shigo na 'yan daƙiƙu. Ɗaya ramin ba ya kawo komai. Ɓerayen da tankinsu ke ɗauke da ruwan wiwi mai yawan THC sun fi sauran nema, sun fi jure wahala don su samu, kuma alamar da aka haɗa da tururin tana iya dawo da su nema bayan an yanke shi.

A wurinmu wannan ɓangare yana aiki lafiya lau. Da yake ɓera dabbar dare ce, mun juya musu rana ta zama dare, don haka a ƙarƙashin jar fitila nake tsayawa ina kallo. Kwanakin farko kowa cusa hanci yake yi ko'ina, don son sanin mene ne. A hankali sai hali ya fara rabuwa. Wani da an rufe murfi zai nufi ramin tururi, ya cusa hanci sau da yawa a jere, ya ja baya ya zauna cikin farin hazon, ya jira ya washe ya koma. Wani ya taɓa sau ɗaya ko biyu ya tafi ya kwanta abinsa. Uwa ɗaya, abinci ɗaya, keji iri ɗaya. Ni a nan zuciyata take, domin ita ce tambayar da iyaye suke yi a kowace unguwa: me ya sa wannan yaro ya ɗanɗana ya bari, wancan kuma ya nutse? Allura ba za ta taɓa ba ka damar yin wannan tambaya ba, domin kai ne ka zaɓa wa dabbar. Manhajar tana rubuta kowace cusawa da daƙiƙarta, har ta ramin banza, ban taɓa kama ta da tsallake ko ɗaya ba. Abu ɗaya dai a sani, ɓera yana cusa hanci ko da ruwan tankin ba komai a cikinsa sai abin narkarwa, saboda tururin da fitilar kansu abin sha'awa ne a wurinsa. Duk wanda bai ware rukunin da ke shaƙar ruwa zalla ba, lambobinsa ba su da ma'ana.

Yanzu ga inda nake da magana.

Lambar da ke kan kwamfuta ba ita ce adadin da dabba ta sha ba, takardar tallan da aka aiko mana kuma ba ta tsaya a kan wannan ba ko kaɗan. Za ka iya cewa ruwan tanki yana da miligiram 100 na THC a kowace mililita, busawa daƙiƙa kaza, zama minti 30. Duk gaskiya ne. Amma tsakanin tanki da huhun ɓera hanyoyin asara suna da yawa. THC abu ne mai maiƙo, ba ya shiri da ruwa, yana maƙalewa a jikin tiyo da bangon akwati kamar yadda manja yake kama robar abinci. Wani kason injin ya riga ya zuƙe shi waje kafin a shaƙa. Ɓera ta hanci kawai yake numfashi, hancin kuma yana tare wani ɓangare. Wani ɓeran yana tsayawa daidai bakin da tururi ke shigowa, wani ya juya baya ya cusa hanci a kusurwa ya rage numfashi har abin ya wuce. Ɓeraye biyu masu nauyi ɗaya, tsari ɗaya, sai sakamakon jininsu ya fito da tazarar da za ta ba ka mamaki.

Ga kuma lasar jiki. Tunda duk jikin dabbar ne a cikin akwatin, tururin yana sauka a kan gashi. Ɓera kuwa mai tsafta ne, da ya koma kejinsa zai hau lashe kansa daga kai har jela, ya haɗiye abin da ya sauka. Hanyar hantar da aka sayi na'ura don a kauce mata sai ta dawo ta wata ƙofar, ko da kaɗan ne. Abokan zama ma suna lasar juna, shi ya sa ba ma taɓa haɗa wanda ya shaƙa da wanda bai shaƙa ba a keji ɗaya. Akwai na'urorin da hanci kawai suke kai wa tururi, amma su sai an matse ɓera a cikin bututu, matsewar kuma tana tayar masa da hankali, ta canza zafin jikinsa da sinadaran fargaba a jininsa, abubuwan da kake son aunawa ke nan. Tsakanin biyun ni na fi yarda da akwati, musamman ga mai nazarin ɗabi'a.

Kwayil shi ma yana tsufa. Sabo da wanda ya yi mako yana aiki ba sa fitar da tururi ɗaya, kwamfuta kuwa ba ta san wannan ba, abin da aka tsara mata take nunawa. Dabarar da ta fi mana amfani mai sauƙi ce: mu ɗora kowane tanki a sikeli kafin zama da bayan zama, mu rubuta abin da ya ragu. Da lambar ta fara karkata mu canza kwayil. Idan aka bari ruwa ya yi ƙasa, audugar ciki ta bushe, hancinka ne zai fara gaya maka da ƙaurin ƙuna. A irin wannan zafi propylene glycol yana rikiɗewa ya fitar da formaldehyde da acetaldehyde, glycerin kuma, wanda shi ma ake narka sinadarin a ciki, ya fitar da acrolein, dukkansu masu cin huhu. Ɓeran da ya lafe a ranar ba lallai wiwi ce ta kwantar da shi ba.

Abin da ake narka sinadarin a ciki ba wasa ba ne. A 2019 Amurka ta ga ɓarkewar ciwon huhu a tsakanin masu zuƙar sigarin lantarki. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da abin ya kai asibiti, 68 sun rasu. An gano cewa wani nau'in man bitamin E ne da ake kauraɗa ruwan THC na kasuwar bayan fage da shi, kuma masu bincike a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo sun shaƙa wa ƙananan ɓeraye shi, huhunsu ya nuna irin wannan rauni. Kada kowa ya zuba wa tanki abin da bai san asalinsa ba.

Duk wannan ne ya kawo maganar jini. Mukan ɗebi kaɗan daga jijiyar jela da an fito da dabba, mu juya shi a injin da ke ware ruwan jini, mu daskarar, mu aika ɗakin da ke da na'urar LC-MS mai tantance sinadarai da auna yawansu, su auna THC da abubuwan da jiki ke juya shi zuwa gare su, wato 11-OH-THC da THC-COOH. Da wannan ne kawai za ka iya cewa ɓeranka ya kai matakin da ake samu a jinin mutum mai shan wiwi, ko bai kai ba, ko ya wuce. Ɗan tsinken gwajin fitsari da ake tantance masu shaye-shaye da shi ba zai yi ba, eh ko a'a kawai yake cewa. Awon nan kuɗi ne da ba ya ƙarewa, duk sabon ruwa, duk sabon jinsin ɓera, maza ko mata, sai an sake. A sa shi a kasafi tun farko, kafin kuɗin na'urar ma.

Ƙorafina a kan kamfanin ya fi yawa a wajen wanki. Ruwa da sabulu ba sa fitar da maiƙon THC yadda ya kamata, giyar asibiti, wato alkohol, ita ce take narka shi. Robar da aka yi akwatin da ita kuma, acrylic, ba ta jure giyar, a hankali sai ƙananan tsaguwa su fara bayyana a kusurwoyi da gefen ramukan kusoshi. Littafin da ya zo da na'urar bai ce uffan a kan wannan ba. Shafuka ne 'yan kaɗan, yawancinsu hotunan yadda ake haɗa tiyo. Sai da muka kira su sannan suka ce a wanke akwati da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, giyar a bar wa tiyo da ƙarafa. Magana ce da ya kamata ta zo a shafin farko. Zoben murfi ma yana saurin laushi, kayan gyara kuma suna daɗewa a hanya. Injiniyansu dai mutumin kirki ne, ya san aikinsa, yana kiran bidiyo ya zauna da kai har matsala ta warware, wannan ba zan tauye masa ba.

Zoben nan ina duba shi kullum kafin in kunna komai, saboda kaina da ɗaliban da ke tsaye a ɗakin. Ba na son ko ƙanƙanin abin nan ya shiga huhuna. Idan zobe yana da kyau, filta sabuwa ce, aka kuma bar injin ya gama zuƙe akwati kafin a ɗaga murfi, ba ka jin warin komai. Wanda ba shi da bututun fitar da iska waje kada ya kunna ta, buɗe taga ba zai wadatar ba.

Ta fuskar tausayin dabba na fi samun natsuwa da ita a kan allura. Ba tsira kullum, ba tiyatar sa tiyo a jijiya. Ƙarar injin tana firgita su da farko, don haka mukan saka su a akwati da iska zalla na wasu kwanaki har su saba. Kowane mataki sai kwamitin kula da dabbobi na jami'a ya amince, bisa ƙa'idojin majalisar kula da dabbobin bincike ta Kanada da aka kafa a 1968. Raina yana ɓaci idan na ga an ɓata rayukan ɓeraye a gwajin da tun farko ba a auna komai yadda ya kamata ba. Amana ce a hannunmu, za a tambaye mu.

Akwai iyakar da ya kamata 'yan'uwa a gida su gane kafin su rubuta takardar neman kuɗi. Binciken da hukumar UNODC, mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka yi amfani da wiwi a shekarar da ta gabaci binciken. Abin da muka sani a unguwanninmu naɗewa ake yi a takarda a kunna wuta. Hayaƙi yana ɗauke da kwalta da iskar carbon monoxide da tarin abubuwan da ƙuna ke haifarwa, tururi kuwa babu yawancinsu. Wannan na'ura za ta gaya maka abin da THC yake yi wa ƙwaƙwalwa da ɗabi'a idan ya bi ta huhu. Ba za ta gaya maka abin da hayaƙin yake yi wa huhun ba. Mai wannan tambaya injin ƙona ganye yake buƙata, irin wanda Adriaan Bruijnzeel da Barry Setlow suke aiki da shi a jami'ar Florida, ko tsarin John Howland a jami'ar Saskatchewan, inda ake ƙona ganyen da ake sayarwa a shagunan Kanada. Tamu ruwa kawai take ɗauka. Ganyen ma ba ɗaya ba ne: a Amurka, awon da Mahmoud ElSohly ya yi wa wiwin da aka kama ya nuna THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Abin da ke yawo a Kano ko Kaduna, har da na haɗi irin wanda ake kira Colos, sai an auna shi a san me ke ciki kafin a yi maganar shaƙa wa dabba.

Sai doka. A Kanada an halatta wiwi tun ranar 17 ga Oktoban 2018, amma duk da haka sai da lasisin bincike daga ma'aikatar lafiya, kayan suna kulle, kowace mililita a rubuce. A Najeriya haramtacciya ce, don haka maganar izini daga NAFDAC da NDLEA ita ce ta farko, kafin a tura wa kowane kamfani ko kwabo.

Wuta ita ce abin da ya fi tsorata ni idan na tuna gida. Akwatin a rufe yake ruf, injin ne kaɗai yake shigo da iska. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zama, ɓera yana cikin tururin da ba ya fita, iska kuma ba ta shigowa. Dole injin ya kasance a kan inbata ko batirin da ba ya yankewa ko na daƙiƙa ɗaya, janareta da sai an je an tayar ba zai yi ba, kuma dole mutum ya kasance a tsaye a ɗakin. Kayan da aka ƙera don Arewacin Amurka a kan wuta mai ƙarfin bolt 120 suke, ta Najeriya kuwa 230 ce, bugun ma ya bambanta, 60 a can 50 a gida, wanda yake iya canza gudun injin ko da an sa taransifoma. A nemi wadda aka ƙera don wutarmu, a rubuce. Ɗakin dabbobi kuma sai da na'urar sanyaya ɗaki mai tsayawa wuri ɗaya, domin saukar zafin jikin da THC ke jawowa ta dogara da zafin ɗakin. Awon da aka yi a watan Afrilu a ɗaki mai zafi ba zai yi daidai da na lokacin hunturu ba.

Ga wanda kuɗinsa ba su kai ba, akwai hanyoyi biyu da aka wallafa. A 2014 masu bincike a Ontario sun yi amfani da Volcano, na'urar kamfanin Storz & Bickel na Jamus, wadda take cika leda da tururi a juye wa ɓera a akwati. A 2020 kuma ɗakin binciken Jibran Khokhar, lokacin yana jami'ar Guelph, ya fitar da OpenVape, tsarin da kowa zai iya haɗawa da kansa da allon Arduino, wato ɗan allon lantarki da ake tsara masa aiki a kwamfuta, da ƙananan injinan iska, zanen da umarnin duka kyauta a intanet. Ɗalibin injiniya mai hannu zai iya haɗa ta. Ba za ta ba ka abin da ramukan hanci suke bayarwa ba, amma ta isa a koyi aikin, a gwada zafin jiki da jela, a ga ko awon jini zai yiwu a inda kuke. Idan ya yiwu, aka samu izini, wuta ta tsaya, sai a nemi babbar. Ranar da za a yi odar, a haɗa da zoben murfi da kwayil da filta da tiyo na aƙalla shekara guda a cikin kaya ɗaya, a kuma sa kamfanin ya rubuto da me ake wanke akwatin.